Kiran Mashigi da Yayana Ya Ƙulla a Igiya

Daga Allah muke, can kuma za mu koma. Yayana, wanda munka sha nono ɗaya, makaɗin mashigin garinmu, ya cika ran Laraba da hantsi, cikin tsakiyar marka. Bai yi jinya ba. Ya sha kununsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da garun zaure, shi ke nan. Ina son a rubuta abin da na sani nasa tun bakina na iya faɗi, don makaɗi ba ya barin gidan soro ko gona mai faɗi da za a nuna a ce ga aikinsa.

Kafin azahar zaure ya cika har waje. Mutanen Unguwar Lalle sun zo da wanduna a naɗe, laka har gwiwa. Wani tsohon Bafillace mai kiwo a bakin fadama ya tsuguna ƙofar gida cikin ruwa, ya ɗora haɓa bisa sandarsa. Anka ce ya shigo, ya ce a'a, nan ya ishe shi, shi daga nesa ya saba jin mamacin.

Taubashinsa, ɗan gwaggonmu, tun daga ƙofa ya shigo da faɗa. "Kai dai mugu ne har ƙarshe! Rani duk bai yi maka ba, sai da ka jira marka don ka jiƙa mu?" Mutane sunka fara murmushi, sai ya duƙe ya rufe fuska da hannun riga, anka rasa mai ɗaga shi.

Ɗansa kuwa, tsohon soja, wanda ke aikin masinja a Isa, ya iso yana tura keke, don laka ta hana hawa. Ya tsaya ƙiƙam cikin takalmansa. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya juya masa gefen fuska ya ce amin.

Matan fatake kukansu daban ne. Suna yi, suna tambayar juna ƙasa-ƙasa, na wa ya dawo, na wa ke ƙetare. Ni ma da su nake. Gawar yayana na gabana, hankalina na bayan fadama, don ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya kai goro da saƙi kasuwar Maraɗi shi da abokan tafiyarsa, kuma ran Juma'a ake sa ran su da kanwa da gishiri.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, bari in faɗi. Garinmu na ƙasar Sabon Birni, bakin fadamar gulbi, bayan fadamar kuma ƙasar Faransa ce. Da damina ruwa kan cika ta, ciyawa ta tashi ta fi mai raƙumi tsawo. Hanya ɗaya ce tak, wani doron yashi mai tauri ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙe daga tudun da fatake ke jira har zuwa mashiginmu. A kansa ruwa iyakar ƙirji ne. Ka kauce gabas, ka faɗa tsohon gurbin gulbi, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Can ciki ido ba shi da amfani, ciyawa gaba, ciyawa baya, hadari ya rufe rana. Sai kunne. Shi ya sa tun kakanninmu gidanmu ke buga ganga a mashigi duk ranar da ayari ke komowa, mai tafiya ya sa ƙarar tsakiyar goshinsa ya bi ta. Bana kuwa ruwa na ta hawa, a irin wagga shekara ko tudun jiran nutsewa yake yi. In ba su ji kira ba, ko su zauna ruwa ya ci su, ko su shiga da ka.

To, mu makaɗa muna da al'ada. In mai ganga ya mutu, ana dawowa daga kushewa abokan sana'arsa kan tsaga fatar gangarsa da wuƙa, don kada hannun wani ya tashe ta mai ita na kwance. Girmamawa ce, ba mugunta ba. Ina cikin gida tsakanin mata sai na ji ƙarar wuƙa cikin fata. Na fito ko mayafi babu. Na iske gangar a tsakar zaure, bakinta a wangale, tsofaffin makaɗa sun kewaye ta suna addu'a.

Na ce, "Kun kashe mini ɗa!"

Babbansu ya ce, "Haba ƙanwa, yi hankali. Haka anka yi wa ubanku."

Na ce, "Ubanmu da rani ya mutu!"

Tsofaffin sunka dubi juna. Ba wanda ya tuna da ayarin da ke ƙetare, tsakaninsu duka, sai da na faɗa. Sabuwar fata ba ta bushewa cikin marka. Sauran gangunan gari na noma ne, danshi ya sake su, in ka buga awa ka bugi jiƙaƙƙiyar tabarma. Tasa kaɗai ke rataye kullum cikin hayaƙin murhu. Kuma ko da an sami ganga, ba hannun da ya riƙe kiran.

Yanzu bari in koma baya in faɗi yadda kiran ya samu, don in an san kiran an san mutumin.

Kiran da munka gada bugu ne mai ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, tazara daidai. Gabas da fadama kuwa akwai wata doguwar gaɓa ta jan dutse, awa ganuwar birni, mai mayar da duk ƙarar da ta same ta. Amsa-kuwwar bugun fari sai ta faɗo daidai kan bugu na biyu, ta na biyu ta faɗo kan na uku, mai tafiya ya rasa wanne ne ganga, wanne ne dutse. In iska ta juya, dutsen ma ya fi gangar ƙara. Haka mijina ya bi dutse. Anka tsince shi bayan kwanaki cikin ciyawa, igiyar jakinsa naɗe a hannu. Yayana ne ke bugu ran nan. Wurin zaman makoki na dube shi gaban mutane na ce, "Gangarka ta kira shi." Daga ranar ban sake gaishe shi ba, shekaru. Kowace kaka nakan tashi in iske dammunan gero jingine da rumbuna. Ban tambayi mai ajiyewa ba, shi ma bai faɗa ba.

Mutum ne mai ƙin hayaniya, abin mamaki ga makaɗi. Yana cikin magana sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce jakin wane ne ke kuka can, ƙaya ta shiga kofatonsa. Goro ɗaya kan kai shi wuni. In ka yi masa dogon bayani sai ya ce, "Rage, na ji tun farko."

Da yaƙin Turawa ya ƙare, ɗansa ya dawo daga bakin teku, inda anka sa su tsaron manyan bindigogin harbin jirgin sama. Ran da ya iso, gari duk ya taru, ni ma na je na zauna bayan dangar mata, don yaron ba shi ya yi mini laifi ba. Ana ta tambayarsa teku da kifi, uban shi kuwa abu ɗaya ya kama.

Sojan ya ce, "Baba, akwai wani abu awa gadon ƙarfe a tsaye bisa mota. Rada Turawa ke ce mata. Ni nike zuba wa injinta mai, in juya ta. Tana yin kira sama, kiran da kunne ba ya ji. Kiran shi bugi jirgi shi dawo, ita ko tana saurare. In ya dawo da wuri jirgi na kusa, in ya daɗe shina nesa."

Yaya ya ce, "Ashe su amsa-kuwwa suke nema, mu muna gudunta. Ba ta ruɗewa?"

"Tana ruɗewa mana. Sajenmu ya ce in kiran gajere ne ba ya kai nesa. In an ja shi da tsawo kuma, kansa na dawowa wutsiyarsa ba ta gama fita ba, su cakuɗe, jirgi biyu su zama ɗaya."

"To mi sunka yi?"

"Ni ina na sani, Baba? Mai nike zubawa."

Mutane sunka yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya cire goron daga bakinsa ya ce, "Ciwonmu ɗaya da su ke nan."

Lokacin nan hannunsa ya fara rauni, ba ya iya bugun da ke tsaga iska awa da. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya fi ƙarfinsa, bugu da yawa kuma masu kama da juna su ne sunka ci mijina. Sai ya ce a ransa, to a yi kira mai tsawo, ba mai ƙarfi ba, amma kada shirun da ke tsakanin bugu da bugu ya yi kama da wani shirun ko sau ɗaya.

Ga yadda ya yi. Ya ɗauki igiya biyu ya ƙulla su iri ɗaya. Kowane ƙulli bugu ne, tazarar da ke tsakani ita ce shirun. Igiya ɗaya ganga, ɗaya amsa-kuwwa. Ya shimfiɗa su gefe da gefe a ƙasa, ya riƙa jan ta biyu a hankali tana gocewa. In kai da kai sunka daidaita, kowane ƙulli ya hau ɗan'uwansa, wannan shi ake so. Amma da zarar an goce, kaɗan ko da yawa, bai yarda ƙulli fiye da ɗaya ya haɗu da wani ba. In biyu sunka haɗu, sai ya kwance duka ya sake daga fari. Rani guda yana tsugune cikin ƙasa awa mai duba. Igiyar guga ta ɓace, ta ɗaurin akuya ta ɓace. Matarsa ta riƙa kai ƙara gida-gida cewa maigidan ya taɓu, in ba a yi hankali ba har mazagin wandonsa zai ƙulle.

Rannan sai ga ta a ƙofata. Ta ce, "Yayanki ya ce ki zo ki ƙi wani abu."

Na ce, "In ƙi mi?"

Ta ce, "Oho. Ya dai ce duk garin nan ba wanda ya iya ƙi awa ke."

Na tafi, ban gaishe shi ba. Fadama ta bushe lokacin. Ya wuce gaba na bi shi, har wurin da doron yashi ke kusa da tsohon gurbi, daidai inda mijina ya kauce. Ya ce, "Tsaya nan. Rufe ido. In kin ji, ki nuna inda nike." Ya koma mashigi ya buga. Na saurara, na ji ganga da dutse sun sarƙe a tsakiya. Na tako har gabansa na ce, "Banza."

Ya ce, "Kunne ne da ke ko hannun tulu?"

Na ce, "Hannu ne da kai ko karan rama? Tsakiyarsa ta haɗe."

Ya duba igiyoyinsa, ya ja, ya ja, sai ga ƙulli biyu sun hau biyu, can inda bai lura ba. Ya yi tsaki ya kwance. Haka munka yi ta yi. Wani kiran ya yi tsawo har mai saurare ya manta farkonsa. Wani kuma, in iska ta ci bugu ɗaya sai ya koma kama da gangar noma. Na ƙi, na ƙi, na ƙi. Wallahi da daɗi nake ƙi, shi kuma bai taɓa cewa ya isa ba.

Wanda ya tsaya a kai daga ƙarshe, ba wanda zai ce kiɗa ne. Bugu biyu kusa da juna, sai shiru mai tsawo har ka ce ya manta, sai ɗaya, sai shiru wanda bai kai wancan ba, haka dai, yana ɗingishi. Yana farawa tsakiyar fata da murya mai kauri, yana matsowa baki muryar na sirancewa, don wanda ya tsinci wutsiyar kiran ya san wutsiya ce. Mutanen gari sunka sa masa kiɗan gurgu, sunka ce ko mahaukaci ba ya taka shi. Amma da na tsaya wurin nan na rufe ido, na ji shi ya zo daga kudu, sarai, sa'annan dutse ya biyo yana maimaitawa daga gabas, kowanne a hanyarsa, ba su taka juna ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, kowane bugu shi kaɗai ba shi da ƙarfi, amma kunnen da ya san kiran yana tattara su ɗaya bayan ɗaya, in na ƙarshe ya faɗo sai ka ji duk sun haɗu sun buge ka a ƙirji awa bugu guda.

Na dawo na same shi zaune bisa gangar. Na ce, "Da ka yi wanga tun farko."

Ya ce, "Na sani."

Munka zauna tare har rana ta yi sanyi. Da gari ya waye na je ƙofarsa na durƙusa na ce, "Ina kwana, Yaya." Ya ce, "Lafiya lau. An ci gero?" Iyakar abin da munka taɓa faɗi a kan geron ke nan.

Daga nan ya bi fatake ɗaya-ɗaya yana koya masu, da Fulani, da baƙin da bai san sunansu ba, bai karɓi ko ƙwayar goro ba. Yakan ce, "Ni rabin aikin nike yi. Rabin na cikin kunnenka. In ba ka riƙe shi ba, itace kawai nike bugu." Bai yarda a buga kiran wurin biki ko wasa ba. Har da maigari sunka yi cacar baki, ran da baƙi sunka zo rangadi anka ce ya nuna masu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, in mutane sunka saba jinsa a banza, ran da ya zama gaskiya ba mai tashi." Maigari ya yi fushi ya hana shi kiɗan sallah shekarar. Tun da anka fara wanga kira, ba a sake tsintar kowa cikin tsohon gurbi ba.

Inda ya yi kuskure, ga ɗansa ne. Ya so ya ba shi gangar. Sojan ya zauna koyo, kullum sai ya ɓata shirun, ya gajarta nan ya tsawaita can. Uban ya harzuƙa gaban mutane ya ce, "Ka sa takalmi ka raina ganga. Tashi ka ba ni wuri." Yaron ya tashi, ya tafi Isa ya nemi aiki. Bai faɗi cewa bindigogin bakin teku sun kashe masa kunne ɗaya sun ci rabin ɗayan ba. Ni na gane, don kullum gefe ɗaya yake juya wa mai magana. Na gaya wa Yaya. Ba mai iya ba da haƙuri da baki ba ne. Sai ya tufka sabuwar igiya da manyan ƙulli, ya ba wani falke ya kai masa Isa, ba saƙo ba komai. Sojan bai aiko da amsa ba. A haka mutuwa ta same su.

To, mu koma makoki. Ran Alhamis maza sunka fita mashigi sunka gwada abin da za su iya. Sun yi kuwwa, ciyawa ta shanye. Sun buga garwa, ƙararta ba ta wuce jifa ba. Sun gasa gangar noma a wuta, ana fitowa da ita ruwa ya sake ta. Ruwa kuwa ya ci gindin tsamiyar da ke mashigi, wadda ban taɓa ganin ya kai ba sai shekarar mijina.

Ran Juma'a da safe mata sunka fara dakan geron gumba ta sadakar uku. Ina zaune a ƙasa, ban ci ba ban sha ba, sai na ji dukan turmi na shigowa ta tafin ƙafata. Na tuna daga gonarmu ta nesa mukan ji dakan gari sarai. Na miƙe na nufi zaure na durƙusa gaban liman.

"Allah gafarta Malam, za ni fitar da turame daga gidan makoki in kai mashigi."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi! Mata bakin gulbi ran sadaka?"

Liman ya ɗaga masa hannu ya ce, "Mamaci ya riga ya isa inda za shi. Waɗancan ba su iso ba. Ku tafi."

Matar yayana na cikin takaba, ba ta fita. Ta mirgino nata turmin har bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Wanga ya fi amo." Matan fatake sunka ɗauko nasu. Munka jera su bisa tauri a mashigi, munka zuba gero kaɗan-kaɗan, don ba a dakan turmi wayam. Na buga masu kiran da tafi, na ce su bi. Sai abu ya lalace. Hannun mace ya saba da lugude, wannan ta ɗaga waccan ta sauke, ba ya iya barin wuri fayau. Duk inda shiru ya zo sai wata ta cike shi. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe.

Sai sojan ya matso. Ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro igiya, ta yi baƙi don shafa. Ya ce, "Gwaggo, ni ba na ji, amma ina gani. Ke ki zama kunnena." Ya juya ga matan da muryar bariki. "Ku jeru! Taɓarya sama! Ba mai dubar turminta, kowa ta dubi hannuna. In ya faɗi, ku faɗi. In bai faɗi ba, ko kunama ta harbe ki kada ki motsa."

Wata ta ce, "Ikon Allah, yau mun shiga soja. Ina takalmanmu, Saje?"

Ya ce, "In kun yi daidai a ba ku."

Ya taka kan igiyar da ƙafa, ya riƙa zare ta a hankali ta cikin yatsunsa. Duk sanda ƙulli ya taɓa yatsa sai ya sauke hannu, taɓare duka su faɗi tare. Na ce saurin ya yi yawa. Ya rage. Na ce shirun nan mai tsawo bai kai ba. Ya sake. Can sai na ji shi, kiran yayana, da muryar itace, ba kauri ba siranta, amma ɗingishin na nan yadda yake. Dutse ya amsa daga gabas, bai taka mu ba. Na ce, "Shi ne." Sojan ya dubi bakina ya gane, ya kau da kai.

Munka yi ta yi, ruwa na dukanmu, gero ya koma kunu cikin turame. Hannaye sunka yi kanta sunka fashe. Wadda ta gaji wata ta karɓa. Anka yi sallar Juma'a anka fito, maza sunka zo sunka tsaya bayanmu, har waɗanda sunka tsaga gangar, babbansu ya karɓi taɓarya daga hannun jikata ya yi daka gaban kowa, ba wanda ya yi dariya. Ciyawa dai shiru.

Wajen la'asar sai ta motsa. Kunnen jaki ya fara fitowa, sa'annan wani, sa'annan ɗana, ruwa har wuya, abokansa na riƙe da juna bayansa. Ya fito yana haki, ya dubi turame, ya dubi mata, ya yi dariya.

"Inna, ku ne? Wallahi mun ɗauka aljanun fadama ke daka. Ni na ce masu aljani bai san ɗingishin Kawu ba." Ya share ruwa daga fuska. "Amma wani tsoho mutumin Turba da ke cikin ayarinmu ya ƙi tahowa. Ya ce shi ba ya bin turmi cikin daji, sai ya ji ganga. Ruwa ya kai masa idon sawu bisa tudun. Ina Kawu? A ce shi buga mashi ko sau ɗaya."

Taɓare na sama, ba mai saukewa. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya dubi sojan, ya dubi igiyar da ke hannunsa.

Sojan ya ce, "Ran Laraba. An tsaga gangar."

Ɗana ya tsaya awa an dasa shi. Sa'annan ya miƙa wa abokinsa igiyar jaki, ya tuɓe riga, ya juya ga ruwa.

Na ce, "Ina za ka? Yanzu ka fito!"

Ya ce, "Za ni in taho da shi. Inna, kada ku daina."

Ban san yadda na riƙe taɓarya ba bayan nan, amma na riƙe. Ɗazu Allah ya ba ni shi, na kuma tsaya ina kallo ciyawa ta rufe bayansa. Na daka har ban san hannuna ba. Rana na gab da faɗuwa sunka fito, tsohon na goye a bayansa yana salati. Jakunan tsohon da kayansu duk sun tafi, ruwa ya rufe tudun suna barinsa.

Sai a lokacin ɗana ya zauna cikin laka. Ya jawo jakar da ke wuyansa, ya fitar da wani ƙunshi, ya ce sukari ne ya sayo wa Kawu a Maraɗi, don ya ce kunu ya daina yi masa daɗi. Ya kwance. Ba komai ciki sai jiƙaƙƙen tsumma mai danƙo. Ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo, sa'annan ya kifa kai bisa gwiwa ya yi kukan da ni ban samu na yi ba tun Laraba, na tsuguna kusa da shi na taya shi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa ya ji kira sarai ran da za a kira mu duka. Amin.